Jar dara ko koren kaya? Muhawara kan kakin sojojinmu na yaƙin Bama

Jikan Saje: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mu wasu matasa ne a Zariya muke shirin kwaikwayon fareti da fagen daga don ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu. So muke mu nuna sojojinmu da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Bama, wadda yau ake kira Myanmar, a yaƙin duniya na biyu. Jiya tela ya aiko da kaya, mun gwada. Ga hotuna nan, don Allah masana a duba mana kafin mu fita gaban jama'a.

[Hoto na farko: samari a jere, kowa da jar dara mai tuntu, jar falmaran mai rawayen baki, jar ɗamara da gajeren wandon kaki]

[Hoto na biyu: samarin kwance cikin ciyawa da kayan nan a jikinsu, riƙe da bindigogin katako]

[Hoto na uku: wani saurayi a tsaye, ƙirjinsa da lambobin yabo]

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam. Masha Allah, kaya sun yi kyau ƙwarai. Jan nan zai fito sosai a hoto.

Ɗan Zangon Kumasi: Tubarkalla. Irin wannan dara ce a hoton kakana da ke rataye a ɗakin kakarmu.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, Jikan Saje. Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Zan fara da yaba wa telanku, domin hoton farko daidai yake. Haka kayan faretin rundunar Afirka ta Yamma suke, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897, aka ƙara mata laƙabin ta Sarkin Ingila a 1928. Jar dara, jar falmaran mai rawayen baki, jar ɗamara, gajeren wando, da ƙyallen da ake naɗe ƙwauri da shi. Abin da ya rage kawai shi ne tambarin bishiyar kwakwa a gaban darar. Masu igwa ma falmaran ɗinsu shuɗiya ce, ba ja ba.

Hoto na biyu ne matsalar. Babu sojan da ya kwanta a dajin Bama da wannan kaya. Kayan biki ne, na tarbar Gwamna da ranar haihuwar Sarki. Ko a nan gida, idan za a fita aiki, rigar kaki ake sawa da wata 'yar zagayayyiyar hula. Waɗanda suka shiga kwarin kogin Kaladan na Bama a farkon 1944 koren kaya ne a jikinsu, riga mai dogon hannu, dogon wando, malafa mai faɗin baki ko hular kwano, takalmin but, da adda a ƙugu. Mai jan kaya a cikin wannan kurmi ai tun daga nesa sojan Japan zai hango shi.

Jikan Saje: Malam, na ji. To amma ga inda gizo ke saƙar. Mutanenmu da darar nan suka san sojan Turawa. Tsoho na ganinta zai ce ga sojan da. Idan muka sa kore, 'yan kallo za su zaci sojojin yau muke kwaikwaya. Kuma kuɗin da muka tara da ƙyar ya riga ya shige cikin jan yadi.

Mai Kyamara: Ni ina bayan Jikan Saje. Wasa ne fa, ba jarrabawa ba. Wa zai tsaya ƙirga maɓalli?

Malamin Tarihi: Mai Kyamara, kai ne za ka ɗauki hoton, kuma hoton ne zai daɗe. Gobe wani yaro zai ɗauko shi a Facebook ya rubuta cewa haka kakanninmu suka yi yaƙin Bama, mutum dubu su tura wa dubu. Ba maɓalli nake ƙirgawa ba. Jar dara tana nuna sojan da aka yi wa ado don Bature ya duba shi a fili. Koren nan tana nuna mutumin da ruwan sama ya kwana yana dukansa, matsattsaku suka sha jininsa, zazzaɓi ya kayar da shi ya tashi ya ci gaba da tafiya. Wanne kuke so ku tuna?

Baba Samanja: Assalamu alaikum yara. Ɗana ne ya nuna mini hotunan, na ce sai na sa baki. Ni tsohon soja ne, a Difo ta Zariya aka yi mini horo, kuma na tarar da wasu daga cikin 'yan Bama da ransu, suna zuwa karɓar fansho. Maganar Malam gaskiya ce. Amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne bindigoginku. Kafintanku ya sassaƙa muku AK ne, ga lanƙwasasshen gidan harsashi nan a ƙasa. Wannan bindiga bayan an gama yaƙin aka ƙera ta. Ta hannunsu Lee-Enfield ce, doguwa, katako har kusa da baki, harsashi goma take ci, kuma duk harbi ɗaya sai ka ja ƙarfenta da hannu. Mai lanƙwasasshen gida a wancan zamani ita ce Bren, ita kuwa a sama gidan nata yake. Sannan yadda yaron can na biyu daga dama ya rungume tasa a gefe, wannan riƙon zamaninmu ne. Su a kafaɗar hagu suke saɓa ta in ana maci.

Jikan Saje: Ranka ya daɗe Baba, mun gode. Wannan mai sauƙi ne, kafinta maƙwabcina ne. In an samu hoton bindigar zan kai masa.

Baba Samanja: Kuma ku ji wannan da kyau. Kafin kowa ya sa koren kaya ya fita titi da abu mai kama da bindiga, ku rubuta takarda ku kai bariki, ku kai wa 'yan sanda, ku samu izini a hannu. Kada wanda ya kuskura ya sa mai dabbare-dabbare irin na sojan yau. Ba na zamanin ba ne, kuma zai jawo muku abin da ba ku shirya masa ba. Ku sa kayan a wurin wasa, ku cire a wurin wasa.

Tela Mai Kaki: Salamu alaikum. Ni na ɗinka kayan, daga Kano. Abin da aka turo mini na bi, hoton fareti ne. Yanzu in za a koma kore, Malam a faɗa mini wane irin kore, don kore kala-kala ne a Kantin Kwari. Kuma akwai ragowar yadin kaki a wurina da yawa, ban san ko zai yi amfani ba.

Malamin Tarihi: Zai yi amfani sosai, Malam Tela, kuma tarihi ma yana bayanka. Da Ingila ta gane kaki mai launin ƙasa, wanda ya dace da hamada, bai dace da kurmi ba, abin da aka fara yi a Indiya a 1943 shi ne a tsoma kakin da ake da shi cikin koren rini. Daga baya masaƙun Indiya suka riƙa fitar da yadin kore tun daga tushe. Rinin ba ya jure rana da wanki, sai ya koɗe ya koma toka-toka. Saboda haka a sahu ɗaya za ka ga na wani ya yi duhu, na wani ya yi fari-fari. Ka rina abin da ke hannunka, kore mai duhu, ka wanke shi sau da yawa, ka shanya a rana. In bai fito iri ɗaya ba kada ka damu, haka ya fi kama da gaskiya.

Tela Mai Kaki: To wannan ya zo da sauƙi. Wando fa, dogo ko gajere?

Malamin Tarihi: Dogo. Saboda sauro da ƙaya da matsattsaku. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da sojoji a Bama fiye da harsashi, shi ya sa aka tilasta shan wata rawayar ƙwaya kullum, kuma da yamma dole a sauke hannun riga.

Mai Kyamara: Malam, ga wani hoto da na samu a intanet, mai kala ne. Ka ga nan kayan nasu ruwan ƙasa ne, ba kore ba.

[Hoto: sojoji baƙaƙe suna tsallaka rafi da kaya a ka, an yi wa hoton kala]

Malamin Tarihi: Hoton na gaske ne, kalar ce ba ta gaske ba. Asalinsa baƙi da fari ne, kwamfuta aka ba ta shafa masa launi, ita kuwa cinta take yi. Dubi hannun mutumin da ke gaba, rabinsa ya koma launin ruwan rafin. Wanda ke son asali ya shiga shafin gidan tarihin yaƙi na Landan, Imperial War Museum, akwai hotunan sojojin Afirka ta Yamma a Bama masu yawa, kowanne da bayaninsa. Launi kuwa daga tufafin da aka adana ake gane shi.

Hajiya 'Yar Soja: Assalamu alaikum. Ni ba na yawan magana a zauren nan, amma wannan hoton na masu kaya a ka ya sa dole in yi. Jikan Saje, ɗana, na duba hotunanku uku, kowa da bindiga. Ina mahaifina a ciki?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya je Bama ya dawo, bai taɓa harba bindiga ba. Ɗan dako ne na soja. Yana da lamba, yana da kaki, yana karɓar albashi, amma aikinsa ɗaukar kaya ne. Akwatin harsashi, buhun abinci, bama-baman da ake cilla wa abokan gaba, wani lokaci mutum ne aka harba, su ɗauko shi a makara su hau dutse da shi su sauka. Yana ce mana in aka buɗe wuta, mai bindiga yana da abin da zai mayar, shi kuwa sai dai ya kwanta da kayan mutane a gefensa, don in ya yar ya gudu hukunci na jiransa. Har ya rasu wuyansa bai daina ciwo ba, in sanyi ya shigo mu muke gasa masa da tsumma.

Da ya dawo, a garinmu in ana hirar yaƙi sai a ce ai wane kaya kawai ya ɗauka. Sai ya daina ba da labarin a waje, sai mu a gida. Ga abin da muka samu a adakarsa.

[Hoto: wani ƙaramin rawayen ƙyalle, gefensa ya zare, a tsakiya an saƙa mashi guda biyu sun gitta juna ta cikin wani zobe]

Asu ya ci gefe ɗaya, ga kuma ragowar zaren da aka ɗinke shi da shi a hannun riga, baƙi ne mai kauri. Tare yake da littafinsa na sallama, wanda ya dangwala wa yatsa don bai iya boko ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baba, Hajiya.

Baba Samanja: Allah ya gafarta masa, Hajiya. Wanda ya ce kaya kawai ya ɗauka bai san soja ba. Bindigar da ba harsashi sanda ce.

Malamin Tarihi: Hajiya, abin da ke hannunki ya fi duk abin da na rubuto tun ɗazu. Wannan tambarin Runduna ta 82 ce ta Afirka ta Yamma. Zoben da kike gani a tsakiya gammo ne. Runduna guda ta ɗauki gammon ɗan dako ta sa shi a hannun rigar kowa, har janar ɗinta.

Kuma akwai dalili. Yankin Arakan na Bama, inda aka tura su, duwatsu ne da kurmi da rafuka, babu hanyar mota a mafi yawansa. Abin da ya sa aka ga sojojin Afirka ta Yamma sun dace da wurin shi ne suna da rukunonin 'yan dako a cikin tsarinsu. Jirgin sama ya jefo kaya da laima, su kuma su ɗauka a ka su bi sahun masu faɗa duk inda suka nufa. Runduna ta 81, wadda aka kafa a Maris 1943 ƙarƙashin Janar Woolner, da haka ta yi watanni a kwarin Kaladan, abincinta da harsashinta daga sama suke zuwa. Ba don irin su mahaifinki ba, da ba ta yi taku goma ba. Wasan yaƙin Bama da babu mai gammo a ciki ya fi mai jar dara kuskure.

Jikan Saje: Hajiya, ki yi haƙuri. Za a sa 'yan dako, kuma ni da kaina zan ɗauki kaya. Amma Malam, yanzu wane tambari za mu ɗinka? Na ɗauko littafin kakana, an rubuta bataliya ta 4 ta rundunar Nijeriya.

Malamin Tarihi: To kakanka ɗan Runduna ta 81 ne. Bataliya ta 4 tana cikin Birged ta 6 tare da 'yan Gambiya da 'yan Saliyo. Tambarinsu baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, daga tatsuniyoyin Asante na Ghana aka ɗauko shi, Ananse mai wayo. Malam Tela ka lura, kansa ƙasa yake kallo. An yi haka ne don in soja ya ɗaga hannu zai yi harbi, a ga kamar gizon gaba ya nufa.

Tela Mai Kaki: Da na ɗinka shi kai sama wallahi. Na rubuta.

Jikan Saje: Ke nan mahaifin Hajiya da kakana ba rundunarsu ɗaya ba. Yaya za mu haɗa su a wasa ɗaya ba tare da Malam ya sake tsayar da mu ba?

Malamin Tarihi: Sun haɗu da kansu. Runduna ta 82 ta shiga Arakan a Disambar 1944, ta 81 kuma tana gangarowa ta Kaladan a karo na biyu, suka haɗu a kan garin Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan da yau ake kira Mrauk U, suka karɓe shi a ƙarshen Janairun 1945. Ku sa wasanku a can. Gizo da gammo a fili ɗaya, kuma watan ma ya zo daidai da naku.

Ɗan Zangon Kumasi: Mu a Ghana har yau sojoji na bikin ranar Myohaung duk Janairu. Hedikwatar sojanmu a Ankara ma sunanta Burma Camp. Kuma dattawan zango sun ce a da Hausa ake yi a barikin nan, ko mutum ba Bahaushe ba ne.

Ɗan Birni: Ni fa tun ɗazu ina karantawa, kuma akwai abin da kowa ke tsallakewa. Kuna ta gyaran dara da gizo, amma rundunar wa ce wannan? Ba ita ce ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903 ba? Ba ita ce ta shiga Sakkwato a Maris ba, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi ta kashe shi a Yuli? Satiru fa, a 1906, wa ya baje ta? Hafsoshin Turawa 'yan kaɗan ne, sauran duk 'yan ƙasa ne da wannan kaki. Yanzu jikokin waɗanda aka ci da yaƙi su ne za su tara kuɗi su ɗinka kayan su yi ado da su? Ni ban ga abin alfahari ba. Japan ba ta taɓa yi mana komai ba. Yaƙin wasu ne.

Mai Kyamara: Kai ɗan'uwa, wannan ai wata magana ce daban.

Ɗan Birni: Ba daban ba ce. Ku kuka ce gaskiyar tarihi kuke nema. Ko gaskiyar a launin yadi ta tsaya?

Baba Samanja: Yaro, ka yi magana a hankali, akwai 'ya'yan mutanen nan a zauren. Wanda aka haifa bayan an ci Kano da shekara ashirin, aka ɗauke shi daga gona yana saurayi, shi ne ya fasa ganuwa? Ka zo Kaduna ka ga barikin Dalet da na Kalapanzin, ka zo Zariya ka ga Chindit, ka je Legas ka ga Dodan da Arakan da Myohaung, ka je Ibadan ka ga Letmauk. Duk sunayen Bama ne. Nijeriya mai 'yanci ce ta bar sunayen nan, ba don Bature ba, don mutanenmu da suka kwanta a can.

Hajiya 'Yar Soja: Ɗan Birni, mahaifina bai san Japan ba, bai san Hitila ba. Dagaci ne ya ce ana son samari daga kowace unguwa, aka nuna shi. Mahaifiyarsa ta yi ta kuka har ya dawo. Ban ce a yi wa Bature biki ba. Cewa na yi a nuna wahalar da ubana ya sha.

Malamin Tarihi: Baba, a yi masa uzuri, abin da ya kawo na 1903 da 1906 duk haka aka yi, kuma ba zan so a rufe bakinsa ba. Tushen rundunar ma ya girmi Lugga, tun 1863 wani Baturen Ingila mai suna Glover ya tara wasu Hausawa a Legas ya ba su bindiga, kuma sojan Nijeriya na yau daga nan yake ƙirga shekarunsa. Rundunar mulkin mallaka ce, an yi amfani da ita a kanmu kafin a yi amfani da ita a waje. A lokacin yaƙin ma, wasu sun shiga da kansu don albashi ko don su koyi tuƙi, wasu kuma hakimai aka matsa wa su kawo su, kamar yadda aka tilasta wa dubban talakawa aikin haƙar kuza a Jos daga 1942. Albashinsu bai kusanci na farar fata ba.

Inda na saba da kai, Ɗan Birni, shi ne maganar ado. Jar darar ce ado, kuma ita nake roƙon a cire daga fagen daga tun farko. In aka nuna saurayi da koɗaɗɗen kore, akwati a kansa, Bature na gaba da taswira, babu ɗan kallon da zai tashi yana ganin an yabi mulkin mallaka. Zai tashi ne yana tambayar me ya kai ɗan Giwa ko ɗan Gumel wannan daji.

Ɗan Birni: In haka ne a faɗa da baki a wurin. Mai gabatarwa ya ambaci Kano da Burmi kafin a fara. In ba a faɗa ba, ni dai ina nan a kan bakana.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum daga Nijar. Maganar Ɗan Birni ta taɓa mu mu ma. Namu kakannin Faransa ce ta kwashe su, su ma da jar hula da jar ɗamara, ana kiransu sojan Senegal ko da daga Damagaram ko Maraɗi mutum ya fito. Da yawa an kama su fursuna a 1940. Waɗanda aka dawo da su sansanin Thiaroye kusa da Dakar suka nemi haƙƙinsu, sojan Faransa ya buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. In za ku yi wasa, kada ku tsaya a ranar nasara. Ku nuna dawowar.

Ɗan Zangon Kumasi: Haka ne. Mu ma ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi maci zuwa fadar Gwamna a Ankara da takardar koke kan alkawuran da ba a cika ba, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Daga nan gari ya rikice, kuma tafiyar neman 'yanci ta ƙara wuta.

Jikan Saje: Wannan ya kawo mu hoto na uku. Lambobin nan na kakana ne na gaske, ƙanena ne ya sa su. Akwai mai siffar tauraro, ƙyallenta ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe.

Malamin Tarihi: Ita ce Tauraron Bama. A watan Mayun 1945 aka ƙirƙiro ta, saboda haka ba wanda ya sa ta a Myohaung. Ku ajiye ta sai fitowar dawowa gida da Ɗan Damagaram ya ba da shawara.

Baba Samanja: Kuma ƙanenka ya cire su daga hagu. Hagu na mai lamba ne shi kaɗai. Ɗa ko jika in zai sa na mahaifinsa don tunawa, a dama yake sawa. Ni da za ku ji tawa, ku bar na gasken a gida, a yi muku na gwangwani. Wurin wasa akwai turmutsutsu, in ɗaya ta faɗi ba za ku sake samunta ba.

Jikan Saje: An gama, Baba. Ga yadda na tsara yanzu, a gyara mini. Fitowa ta farko fareti a Zariya kafin yaƙi, da jar darar da muka riga muka ɗinka, mai gabatarwa ya faɗi asalin rundunar har da abin da Ɗan Birni ya nema. Ta biyu Myohaung, da kore, masu gizo da masu gammo. Ta uku dawowa gida da layin karɓar haƙƙi.

Malamin Tarihi: Ya yi. Sai dai a fitowa ta farko ku cire takalman da na gani a hoto. Hotunan fareti na kafin yaƙi suna nuna sojojinmu da naɗin ƙwauri amma ƙafa a ƙasa, Bature ne mai takalmi. Sai da yaƙin ya zo but ya zama na kowa. In kuna son dara da takalmi tare, to kun koma zuwan Sarauniya na 1956.

Mai Kyamara: A'a Malam, wannan kam ƙasƙanci ne. A nuna kakanninmu ba takalmi a gaban manyan baƙi?

Ɗan Birni: Wanda ya hana su takalmin shi ya yi abin kunya. A nuna. A nan ina tare da Malam.

Baba Samanja: A nuna, amma a share filin tukuna. Janairu ne, akwai ƙaya da kaikayi, kuma yaran yanzu tafin ƙafarsu ba irin na mutanen da ba ne. Su fara gwaji a haka tun yanzu, su taka a hankali.

Hajiya 'Yar Soja: Jikan Saje, gammon kada ku sayi na roba ko ku naɗe sabon tawul. Tsohon ƙyalle ake murɗawa a naɗe shi zobe, a cusa bakin a ciki. Kuma ku sa nauyi na gaske a akwatunan, ko yashi ne. Mai ɗauke da akwatin da ba komai ana gane shi daga tafiyarsa, wuyansa ba ya tsayawa. In kuna so, jikana zai kawo muku tambarin ku gani da ido, amma a hannunsa zai tsaya.

Jikan Saje: Muna so, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Zan kira shi in an jima.

Tela Mai Kaki: Ba sai an kawo Kano ba, a ɗauko mini hotonsa kusa-kusa, a ajiye ashana a gefe in gane girmansa. Jikan Saje, turo mini awon dogon wando na kowa yau, da adadin masu gizo da masu gammo. But da malafa kuma zan leƙa 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ranar Asabar, abin da na samu zan turo hotonsa nan Malam da Baba su duba kafin in biya.